Hoton Taragon Arzika

Jiya samari uku suka zauna a bencin ƙofar shagona a nan Bodinga, suna jiran in buga musu fasfo. Ɗayansu bai daɗe da dawowa daga Kaduna ba, yana ta nuna wa sauran hotunan jirgin ƙasa a wayarsa, yana ja da yatsa, hoto na bin hoto, sun fi ɗari. Can ya ɗago kai ya ce, "Baba Ummaru, ashe aikin ga naku ba shi da wuya. Dannawa ta kawai." Ban ba shi amsa ba, don a lokacin injin buga hoto ya cije takarda ina fama da shi. Amsar ce zan bayar yanzu, gare shi da duk mai irin tunaninsa.

Ku dai kun san layin dogo bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Mutumin Bodinga ko Shagari in yana son ganin jirgin ƙasa sai ya ci doguwar hanya har Gusau. Ni sai da na yi aure na fara ganinsa. Na bi motar albasa a matsayin ɗan dako, tare da abokina Arzika, mutumin Dandin Mahe. Sana'ar Arzika ita ce manoman garinsu su ba shi albasarsu bayan an cire, shi ya kai ta Gusau a mota, a loda a tarago, ya bi ta har kudu ya sayar, ya dawo ya ba kowa nasa. Babu takarda tsakaninsu. Sunansa kawai suke ba wa kayan.

A tashar na ga wani ɗan tsamurmurin dattijo ya sunkuyar da kai yana leƙen wani baƙin akwati da ke rataye a ƙirjinsa, jirgi kuma na tahowa ta gabansa. Kowa na kallon jirgi, shi yana kallon cikin akwati. Na tsaya har aka gama sauke buhunan ban ɗauki ko ɗaya ba. Sunansa Malam Labbo, yana da shagon hoto bayan tasha. Da rani ya zagayo na koma wurinsa, na ce ina son koyo. Ya dubi hannuwana ya ce, "Hannun garma na. To, mu gani." Shekara uku na yi ina zuwa, damina ina gona, rani ina Gusau.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tace ruwa. Ruwan wankin hoto in da ƙwayar yashi ɗaya a ciki za ta ja layi a fuskar mutum, don haka sai in tace shi da farin ƙyalle sau uku. Wata biyar ban taɓa kyamara ba. Ɗakin wanki kuwa wani ɗan kurkuku ne mai rufin kwano, an toshe kowace kafa da tsumma, da 'yar jar fitila guda. Da tsakar rana cikin bazara za ka shiga ka rufe, zufa na zuba, ba ka da damar sharewa don hannunka na cikin magani. Faranti uku ne: na farko ya fito da hoto, na biyu ya tsayar da shi, na uku ya kama shi kada ya gudu. Ba mu da agogo. Malam Labbo da Ƙulhuwallahu yake auna lokaci, ƙafa kaza a wannan faranti, ƙafa kaza a wancan. Farcena ya yi shekaru yana ruwan goro saboda maganin nan.

Kyamarar mai ido biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, ana leƙa ta ta sama. Abin da ke dama a ciki hagu yake fitowa, don haka in jirgi ya taho ka bi shi yadda idonka ya gaya maka, sai ka juya ka ɗauko daji. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ci. Sha biyu, ba ɗari ba. Kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai bayan kwana biyu, lokacin da jirgin ya kai Zariya, wanda ka ɗauka kuma ya kama gabansa.

Wurare uku Malam Labbo ya koya mini, kuma har yau in na rufe ido zan iya taka su. Na farko ƙarshen dandamalin tasha ne, kusa da tsohon tankin ruwa. Nan ake ɗaukar mutane, don jirgi a tsaye yake, hantsi kuma na dukan fuska ta gefe. Na biyu inda hanyar mota ta ratsa dogo, wajen gari. Nan jirgi yake rage gudu, sai ka samu kan jirgi da 'yan tallar rake da jakuna duk a hoto ɗaya. Na uku shi ne wanda na fi so: wani tudu da tsamiya a kansa, inda dogo ya yi kwana kafin gada. Daga nan kana ganin jirgi gaba ɗayansa, daga kai har wutsiya, ya lanƙwashe. Bayan la'asar rana na bayanka, kowane tarago ya fito fes. Kana iya zama awa huɗu a gindin tsamiyar nan don dannawa ɗaya. Za ka fara jin ƙarfen dogo na ƙara ƙasa-ƙasa, sannan hayaƙi, sannan shi. In ka danna da wuri ya fito ɗan mitsitsi, in ka makara ka samu bayan tarago.

Abin da Malam Labbo ya fi nanata mini shi ne, "Ja baya. Jirgi babba na, ba a ɗaukar shi kusa. Ja baya, ka bar rana ta sauka." Na riƙe wannan har ya zame mini jiki.

Da na samu 'yanci na buɗe shago a Bodinga, amma kowace shekara in an fara cire albasa sai in rufe in bi motocin zuwa Gusau, in sauka a shagon Malam Labbo. Masu cinikina mutanenmu ne. 'Yan cirani na Lambara da Shagari da ƙauyukan nan, kowa na son ya aika gida da shaidar cewa ya hau jirgi. Na tuna wani dattijo daga Lambara da ya ce lallai sai hannunsa na kan ƙarfen jirgi. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen da ya wuni a rana, ya ƙone, amma bai janye ba sai da na ce na gama. Hoton ya fito yana cije da leɓe. Ya ce haka yake so. Kafin in danna, kowa sai na ce masa, "Gyara hularka, miƙe tsaye, dube ni." Arzika kuwa duk shekara sai na ɗauke shi a gaban taragonsa kafin ya tashi. Mutanen Dandin Mahe sun saba ganin hoton nan.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Fim ya ɓace a kasuwa. Wanda ake samu daga Kano ya kwana biyu, launinsa ya fara juyawa. Jirgi ma ya zama sai an ga dama: a ce Talata, ya zo Asabar. Mutane da yawa sun koma mota, amma kuɗin mota har kudu ya fi ƙarfin manoman Dandin Mahe. Ga shi albasa ta yi kyau a shekarar. Arzika ya cika tarago guda da kayan gidaje sun kai ashirin, ya hau ya bi. Ranar da ya tashi ban ɗauke shi ba, don fim ɗina na ƙarshe ne a cikin kyamara, saura biyu a jikinsa, ina ɓoyonsu.

Bayan kwana tara, da hantsi, ina tace ruwa a bayan shagon Malam Labbo, sai ga mutum tsaye a kaina. Warinsa na fara ji kafin in gane shi. Arzika ne, rigarsa ta yi baƙi daga ƙirji zuwa ƙasa.

Ya ce, "Ummaru, ɗauko akwatinka mu tahi. Albasa ta mutu."

Na ce, "Ina?"

"Kan jirgi yal lalace. Anka yanke taragonmu anka aje wata 'yar tasha cikin daji, anka ce gobe. Kullum gobe. Na hidda buhu talatin na shanya ƙasa, rana tad dahe su. Na nemi mota, ba hanyar da mota ka shiga. In na koma gida hannu wohi, wa ka yarda da ni? Ka zo ka ɗauka su gani da idonsu."

Muka hau motar kasuwa, ta sauke mu a bakin titi, muka taka ƙasa kusan awa biyu. Tashar ɗaki ɗaya ce da bishiyar darbejiya. Taragon na tsaye shi kaɗai a wani ɗan reshen dogo. Tarago ne na ƙarfe, rufaffe, ga zafin bazara. Tun daga nesa na ja rawanina na rufe hanci. Baƙin ruwa na ɗiga ta ƙasan ƙofa ya yi kwata tsakanin duwatsu, ƙudaje kuwa sun yi masa rufi. Sauran buhunan na nan a jere har sama yadda aka loda su, amma in ka danna ɗaya da yatsa sai ya nutse. Na leƙa sau ɗaya na koma gefe na yi amai.

Rana na tsaka. Na ce sai ta sauka. Muka zauna a gindin darbejiya har la'asar. Da haske ya yi yadda nake so, na duba na ga wani ɗan tudu can gefe. Na hau, na leƙa cikin kyamara, tarago ya shigo duka, ƙofa a buɗe, buhuna a jere, rana ta kwanta a kansu.

Arzika ya ɗaga murya daga ƙasa, "Matso kusa mana! Ka yanka buhu guda ka ɗauki cikinai. Ka ɗauki ruwan ga da ka zuba."

Na ce, "In na matso ba a ganin taragon. Sai su ce wani wuri na. Bar ni da aikina, tsaya bakin ƙohwa."

Ya tsaya. Kuma bakina, don sabo, ya ce, "Gyara hularka, miƙe tsaye." Ya gyara, ya miƙe. Na danna. Saura ɗaya. Da a ce na sauka na tafi bakin ƙofar da wuƙa, da labarin nan ya canja. Amma tsohon fim ne, ina tsoron na farkon bai kama ba. Na tsaya inda nake na sake danna irin wancan. Gaskiyar magana kuma, warin ma ya taimaka wajen tsayar da ni a kan tudun.

Kafin mu bar wurin mai kula da tashar ya gaya wa Arzika cewa gobe za a kwashe kayan a zuba a rami, don mutanen ƙauyen sun kawo ƙara saboda wari.

Na wanke fim ɗin a Gusau washegari. Duka biyun sun kama. A faranti na farko na ga hoton na fitowa a hankali, kuma tun bai gama fitowa ba na san abin da na yi. Hoto fari da baƙi ba ya nuna ruɓa. Baƙin ruwan ya zama inuwar tarago. Ƙudaje ba su fito ba. Baƙin da ke rigar Arzika ya zama kamar aikin zare. Abin da ke takardar shi ne ɗan kasuwa tsaye da hula a gyare, a gaban tarago cike da buhunan albasa. Ban taɓa ɗaukar tarago ya yi kyau haka ba.

Na kai wa Malam Labbo. Lokacin idonsa ya yi rauni, sai da ya kai takardar dab da hancinsa. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mi anka ce ka ɗauko?"

Na ce, "Ruɓar albasa."

"To ina ta?"

Na ce, "Kai kac ce in riƙa ja baya."

Ya ce, "Ga jirgi nac ce. Wanga ba jirgi anka aike ka ba." Ya miƙo mini takardar.

Na zaga duk masu hoton Gusau ina neman fim ko ɗaya, ban samu ba. Ko da na samu, an riga an kwashe kayan. Na gaya wa Arzika kada ya nuna hoton. Ya ce ya riga ya aika saƙo gida da wani direba cewa yana tafe da hoton shaida. In ya je babu, ya fi muni. Na ce to zan bi shi in faɗa da bakina.

A ƙofar gidan mai garin Dandin Mahe aka zauna, bayan azahar, a inuwar zaure. Duk wanda ke da buhu a taragon ya zo. Muka tuɓe takalma, muka faɗi muka yi gaisuwa. Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, ga abin da yas same ni," ya faɗi komai daga farko. Sannan ya miƙa hoton. Ya bi hannu hannu. Can ya iso wurin wani mai suna Nomau.

Nomau manomi ne mai iyali da yawa, albasarsa ta shekara gaba ɗaya na cikin taragon. Ba mugu ba ne, kowa ya san shi da riƙon gaskiya, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Ya juya hoton sama, ya juya ƙasa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Ga buhunnanmu lahiya lau. Ga Arzika ya sha hula. Wanga mutum na da kayanai sunka ruɓe?"

Na nemi izini na yi magana. Na ce na je, na gani, na shaƙa, na yi amai. Na ce kuskuren nawa ne, na tsaya nesa. Na yi ƙoƙarin nuna musu inda ruwan yake a ƙarƙashin taragon. Kowa ya duba, inuwa ya gani.

Nomau ya ce, "Ummaru, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma kai abokin Arzika na. Hoton ga ko ba abokin kowa ba na."

Liman ya ce amanar da ta salwanta ba da sakaci ba, ba a biyanta, kuma wanda ke zargi shi zai kawo shaida. Arzika ya yi alwala ya rantse. Mai gari ya ce magana ta ƙare, kada ya sake jin ta. Aka shafa fatiha aka tashi. Ba wanda ya ba Arzika hannu.

A gaban mai gari ta ƙare, amma a gari ba ta ƙare ba. Gidaje da yawa sun sha wuya a daminar nan, wasu sun sayar da awaki kafin su sami iri. Duk wanda ya ji yunwa sai ya tuna da hoton. Aka ce ya sayar a hanya. Aka ce yana da gida a kudu. In ya saka sabuwar riga a ce kuɗin albasa ce, in ya saka tsohuwa a ce ɓoyo yake yi. Da rani ya zagayo ba wanda ya ba shi ko kwando ɗaya. Ya yi shekara biyu a haka, sannan ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, yana tura baro a kasuwa. In na je ina sauka wurinsa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni na tayar sau biyu, ya ce in bari.

Jirgin ya ci gaba da ja da baya har ya daina zuwa. Malam Labbo ya rasu, aka mai da shagonsa wurin sayar da taya. Ni na dawo Bodinga gaba ɗaya, ina fasfo da hoton 'yan makaranta da na saukar karatu. Daga baya na sayi kyamarar zamani mai nuna maka abin da ka ɗauka nan take. Arzika ya rasu a Gusau, ciwon ƙirji, can aka binne shi. Daga Dandin Mahe mutum biyu ne suka je gaisuwa.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, wata ranar kasuwa, aka sauke wani tsoho daga a-daidaita-sahu a ƙofar shagona, yana dogara sanda. Nomau ne. 'Ya'yansa sun biya masa kujerar Makka, ana son fasfo. Muka gaisa. Na rataya farin ƙyalle a bango, na zaunar da shi a kujera, na ce ya cire hula. Ya riƙe ta a cinya, bai dubi kyamara ba.

Ya ce, "Ummaru, ina yawon neman gahwara wurin mutane kahin in tashi. Ina son in tambaye ka abu guda. Yanzu ba ka da wanda kaka karewa. Tsakaninka da Allah, ta ruɓe?"

Na ce, "Ta ruɓe, Baba Nomau. Ko albasa guda ba ta hita ba. Kwana tara yay yi shina kwasar ta da hannunai shina shanyawa."

A waje ana ta sauke buhunan gero daga mota.

Ya ce, "To don mi ba ka ɗauko muna ba?"

Na ce, "Wari yak kore ni. Kuma ina son hoton shi yi kyau."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tambaye ni wace maƙabarta ce a Gusau, na gaya masa. Ya tambaya ko 'ya'yan Arzika na nan, na ce babban na nan, yana gyaran babur kusa da tsohuwar tasha. Ya sa na maimaita masa sunan yaron sau biyu.

Sannan ya ce, "To, ɗauka."

Na ce ya dube ni. Fasfo ba ya karɓuwa sai ido a buɗe, a bushe. Na ɗauka, na duba, na goge. Na sake, na goge. A na huɗu na ajiye kyamarar, na ba shi ruwa a kofi, na fita na tsaya a ƙofar shago har sai da ya kira ni.